'Yar Fari da Shayin Zamanin Tururi

Ni dai a iya sanina, shayi abu ne da ake sha da safe da burodi, ko a je teburin mai shayi a haɗa maka mai kauri ka sha ka yi gumi ka kama gabanka. Ban taɓa jin an tara mutane sun ci ado sun zauna don shayi kaɗai ba sai da zama ya kawo mu Dubai. A nan ɗin ma a bakin mutane nake ji, har ranar da babbar yarinyar gidanmu ta same ni a kicin ina gyaran kifi, ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Anti, ina so in yi walimar shayi kafin in tafi."

Tafiyar karatu take nufi. Ta gama sakandare, ta samu gurbi a wata jami'a a Malesiya inda za ta karanci aikin injuna, biza ta fito, saura 'yan makonni. Na ce to, Allah ya kai mu, shayi ai ba abin wahala ba ne, ga tukunya ga ganye. Ta ce a'a, ba irin wannan ba, nata mai salo ne na musamman, wai shi sitimfonk.

"Sitim me?"

Ta matso ta miƙo min wayar, na goge hannu a zani na karɓa. Ikon Allah! Turawa ne maza da mata sun sha dogayen riguna irin na kakannin kakanninsu, da huluna kamar an kifa turmi, kowa ya ɗaura tabarau irin na masu walda a goshi. Teburin kuwa duk tagulla ne da bututu da kayan cikin agogo, fayafayan nan masu haƙora da ke juya juna. Har kek ɗin an yi masa launi kamar tsatsa ta ci shi. Na ce, "Su waɗannan lafiyarsu ƙalau kuwa?"

"Wasa ne, Anti. Ki ɗauka duniya ce da ba a taɓa kawo lantarki ba. Komai da tururi yake aiki, da gawayi, da ƙarfe, da murza hannu."

"Yo ai Tudun Wadan Zariya kike faɗa. A can na girma."

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ni kuwa na mayar da kaina kan kifina, don kada ta ga yadda dariyar ta yi min daɗi.

Wannan da ke ce min Anti ɗin 'yata ce, ta fari. A gidanmu kuwa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka mahaifiyata ta yi wa babban wanmu har ta koma ga Allah, kuma kaf gidan an san ba ta da abin so kamarsa. Ita yarinyar nan abin ma biyu ya haɗu mata, don sunan surukata aka sa mata. Ana yaye ta kakar ta ɗauke ta, a can ta yi wayo tana jin yaran gidan suna ce min Anti, ita ma ta kama. Da maigidan ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali muka taho, sai daga baya aka kawo mana ita, ta riga ta shiga firamare. Ƙannenta maza biyu da aka haifa a nan Mama suke ce min, suna hawa jikina yadda suka ga dama. Ita kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan", in da ƙannen nake magana in ce "yayarku".

Ban taɓa ɗaukar wannan abin damuwa ba, sai da na je neman shawara a kan kek ɗin nan mai tsatsa. Akwai maƙwabciyata a hawa ɗaya da mu a unguwar Al Rigga, mutuniyar Kafanchan, Kirista, tana aiki a sashen burodi da kek na wani otal. Sista nake ce mata, ita kuma ta ce min Hajiya. Bakinta ba linzami, nawa ma haka, shi ya sa muka shaƙu. Na nuna mata hoton, ta ce wannan ƙaramin aiki ne, garin koko ne da ɗan ƙyalƙyalin da ake ci, ita za ta yi. Sai kuma ta rage murhu ta juyo.

"Hajiya, zan faɗa miki magana, in kin ga dama ki yi fushi."

"Da ma kin saba."

"Yarinyar ta riga ki zuwa nan. Ta ce in taimaka mata da walimar, wai ba ta son ɗora miki nauyi. Na ce wane irin nauyi tsakanin uwa da 'ya? Ta ce ke haƙuri kawai kike yi da ita, ƙannenta ne 'ya'yanki. Wai in ta tafi ma kya ɗan huta."

Wallahi faɗa na fara. Haƙuri? Ni? Wa ke tashi ya soya mata ƙwai ba albasa, don ita kaɗai ce ba ta ci a gidan? Wa ke laɓewa bayan labule kullum da rana har sai motar makaranta ta sauke ta? Lokacin da ta yi zazzaɓin nan mai zafi, wa ya rame, ita ko ni? Sista ta bar ni na zuba na gaji, sannan ta ce, "Ita ta san kina laɓewa a labulen?"

"In ta sani ai kunyar ta tashi a banza."

"To ga shi nan. Ni Anti take ce min, ke ma Anti. Ƙawayenta kuwa a bakin makaranta uwayensu ke rungume su, habibti kaza, habibti kaza. A gida kowa ya san ma'anar shirun naki, har mai tallan ƙosai. A nan wa zai fassara mata?"

Na ce ta ji da kek ɗinta, na fito. Amma maganar ta bi ni har filat ɗinmu. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, ya kuma ba ni tsoro. Yarinya za ta haye teku da wannan a ranta, ta je ƙasar da ba ta da kowa. In ciwo ya kama ta, ko wani ya ɓata mata rai, kowa za ta iya kira ban da ni, don ba ta son damun mai haƙuri da ita. Na zauna a bakin gado na daɗe. Na san bakina ba zai iya ba, don ko a zuci na gwada sai in ji kamar surukata na tsaye a kaina. Sai na ce to, abin da baki ya kasa hannu zai yi. Walimar shayi take so, za ta ga walima.

Ranar Asabar da safe muka nufi kasuwar Naif ni da yarinyar nan. Wanda ya san lungunan nan ya san ba a tafiya a miƙe, sai a kaikaice, saboda masu turo kaya da fatakenmu da ke jan manyan jakunkuna. Ko'ina ka juya Hausa ce ke tashi, ta Kano da ta Maraɗi da ta Kumasi, 'yan kago kuma suna bin ka, "Hajiya, akwai kwantena mai tashi wannan satin." Na ce musu kwantenar shayi na zo nema. A wani shago can ƙurya, na wani dattijo Ba'iraniye mai sayar da kayan tagulla, yarinyar nan ta tsaya cak. Wata doguwar tukunyar shayi ce ta gani, mai famfo a gindi da bututun zuba gawayi a tsakiya, ta yi duhu don tsufa. Na ce a kawo mana sabuwa mai sheƙi, ta ce a'a, tsufan ne kyanta. Oh ni! A garinmu in ka ba baƙo shayi a tukunya irin wannan sai a ce matar gidan ƙazama ce. Na yi ciniki har dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, halas, ɗauki." Muka haɗa da ƙananan kofunan gilashi da kwalabe masu murfin toshiya, muka gangara wajen masu kayan ƙamshi a bakin ruwa. Na sayi citta da kanumfari da kirfa da na'ana'a, da zoɓo wanda su suke kira karkade, na shinshina kowanne kafin a auna.

Abin sha bai ba mu wahala ba. Muka tsayar da baƙin shayi da lemon tsami a tukunyar tagulla, da shayin kayan ƙamshi mai madara, wanda ya ɗan yi kama da karak ɗin da ake sayarwa a kowace kwana a nan amma na fi su sakin hannu da citta. Sai zoɓo mai sanyi a kwalabe, don ta ce ja ɗin nan zai yi kamar maganin da masu binciken zamanin da ke haɗawa. Na ce in dai za a sha, a kira shi duk abin da aka ga dama.

A kan abinci ne muka yi ta ja. Ta ce a irin wannan walima burodi ake yankawa ƙanana a sa kokwamba a tsakiya.

"Kokwamba da me?"

"Da ɗan bota. Shi ke nan."

"Baƙo ya taso tun daga Sharja cikin wannan cunkoson, ki tare shi da kokwamba? Zomo ne?"

"Anti, haka ake yi. Ba ƙoshi ake zuwa yi ba, hira ake zuwa yi."

"Hirar da ba ƙoshi ai gulma ce."

Daga ƙarshe muka raba: rabin burodin da kokwambarta, rabi da dambun naman da zan yi. Ta kuma ce tana son hayaƙi yana tashi a teburin, akwai wata ƙanƙara da ake sayarwa mai fitar da hayaƙi in an zuba mata ruwa. Na ce ba a gidana ba, ƙanƙarar da ke hayaƙi ban yarda da ita kusa da abinci ba. Na kawo shawarar kaskon turaren wuta, ta tuna min ranar da na'urar gobara ta tara mana mutanen bene gaba ɗaya. Sai na ce to, in tururi ake so na gaskiya, a yi alala a ƙananan gwangwanaye, a kawo ta a madambaci a buɗe a gabansu. Sai ta ce, "A gwangwanin? Kada a juye a faranti?" Na ce in ta ga dama. Ta ce wallahi ya yi, ƙarfe da tururi, abin da ake nema ke nan. Abin da muke ɓoyewa in baƙi sun zo, shi ne yau ya zama ado.

Babanta ma ya shiga ciki. Ya roƙo guntayen bututun jan ƙarfe da wasu kusoshi da wani tsohon agogon auna iska a wajen masu gyara a wurin aikinsu, ya zo da su a kwali yana ta fara'a. Shi ba ruwansa da kunya, tun tana ƙarama yake kiranta da sunan da ya raɗa mata, su zauna a ƙasa suna kwance rediyo. Na kan ji su daga kicin, kuma ba zan ɓoye ba, wani lokaci har kishi nake ji.

Ni kuwa nawa shirin daban ne, ban faɗa wa kowa ba. A wajenmu in 'ya za ta bar gida, uwa ce ke tsayawa a kan kayan gara: alkaki, dubulan, nakiya, cincin. Ba a yin su don kwaɗayi. Aiki ne mai cin kwanaki da ƙarfin hannu, kuma duk wanda ya ga yawansu da kyansu ya san matsayin yarinyar a wajen uwarta. Uwa ba ta cewa komai, fanteka ce ke magana. To wannan ba aure za ta ba, amma barin gida ai barin gida ne. Na sa aka kawo min barzajjiyar alkama da zuma da man shanu ta hannun wata 'yar kasuwa da ke zuwa sari, na kwaɓa alkakin na rufe shi ya kwana ya yi tsami.

Da na zo yin dubulan na hau kujera na sauko da injin murza taliya daga saman kabad. Tun kayan aurena yake, na taho da shi daga Zariya a cikin zannuwa. Ina ɗaure shi a bakin tebur ta shigo. Ta zagaya shi, ta murza hannun a hankali tana sauraren ƙarar, kafin in ce wani abu ta ɗauko sukudireba ta buɗe gefensa. Ga haƙoran ƙarfe nan suna cizon juna, baƙi ƙirin da tsohon mai.

"Anti! Shekara da shekaru wannan yana gidan nan? Ai shi ne sitimfonk ɗin da kansa. A tsakiyar tebur za a sa shi."

"Sai ki bari ya gama aikinsa tukuna. Murza min."

Tana murzawa ina tarar fallen ƙullun da tafin hannu, yana fitowa siriri har ana ganin inuwar yatsu ta ciki. Na nuna mata yadda ake yankawa, a naɗe, a matse tsakiya ya buɗe kamar fure. Nata na farko ya fito kamar kunnen akuya, na faɗa mata, ta ce nawa ma ai ba duka suka yi kyau ba. Muka yi ta yi har la'asar, rana na shigowa ta tagar kicin, ƙasa ana jin motocin Al Rigga. Hannunta irin nawa ne sak, har ɗan karkacewar ƙaramin yatsa. Na lura da haka tun tana jaririya, ban taɓa faɗa ba. Ranar ma saura kaɗan in faɗa, sai na ce ta miƙo min gari.

Sista ta leƙo washegari ta tarar da robobi jere a falo, alkaki na ɗigar zuma, nakiya an mulmula, cincin ya cika bokiti. Ita 'yar Arewa ce, kallo ɗaya ta yi ta gane.

"Hajiya, gara kika haɗa."

"Shayi ake yi."

"Ni kike wa wayo? Aikin ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma yarinyar nan a Dubai ta girma, ba ta iya karanta alkaki ba."

Na ce jini ai ba ya ɓuya, za ta gane. Ashe Sista ce da gaskiya. Yarinyar na dawowa daga karɓo wasu takardunta ta tsaya a tsakiyar falo tana bin robobin da kallo.

"Anti, mutum nawa kike zaton za su zo? Ƙawayena ne fa kawai, ko tebur ɗaya ba za mu cika ba. Na ce miki ƙananan abubuwa ake so. Wannan ai sai ka ce suna ake yi."

"Abin da ya ragu kya tafi da shi."

"A jirgi? Kayana ma sun wuce kilo. Kin wahalar da kanki a banza, da kin bari Sista ta yi mana ɗan abin da za ta iya."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, da tausayi ta faɗa, irin wanda ake wa baƙon da ya yi maka hidimar da ba ka nema ba. Wannan ne ya fi ƙona ni. Na ce, "To, a rabar wa maƙwabta," na shige kicin na kunna famfo ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Babanta ya biyo ni ya tsaya a bayana.

"Hajiya, da kin dai faɗa mata ko mene ne."

"Malam, in ba aikin da za ka taya ni, ga falo can."

Ya fita. Bawan Allah, ya san ni.

Ranar walimar, bayan la'asar, falonmu ya koma wani abu daban. An rage fitilu, an shimfiɗa ƙyalle ruwan ƙasa, bututun babanta sun zagaye faranti, injin taliyata na zaune a tsakiya kamar shi ne mai gidan. Kek ɗin Sista ya fito da tsatsarsa har ina jin tsoron a ci. Na zaɓo mafi kyau a cikin dubulan da alkaki na jera kaɗan kaɗan yadda take so, sauran na tura ƙarƙashin gado. Tukunyar tagulla kuwa a baranda muka hura mata gawayi, sai da ta tafasa aka shigo da ita tana huci.

Ƙawayen suka iso ɗaya bayan ɗaya, 'yar Indiya, 'yar Sudan, 'yan Filifin biyu, da wata 'yar Labanan. Kowacce da doguwar riga da tabarau na walda, wata har da agogo a sarƙa. Tawa ta ɗora doguwar hula a kan mayafinta, ta yi kyau har na kasa kallonta sau biyu. Da na buɗe madambacin alala tururi ya turnuƙe, suka sa ihu suna ɗaukar hoto. Dambun nama ya riga kokwamba ƙarewa, na kuma tabbatar kowa ya lura. 'Yar Indiyar ta ci alkaki ta ce suna da mai kama da shi a garinsu, ta tambayi sunansa ta yi ta maimaitawa. Yarinyar nan sai kai da kawowa take, "Anti, a ƙaro zoɓo," "Anti, ina cokula?"

'Yar Labanan ɗin da mahaifiyarta ta zo. Matar ta ce sauke ta kawai za ta yi, amma ƙamshin citta ya zaunar da ita. Mace ce mai fara'a da yawan magana, tana zaune tana gyara wa 'yarta gashi, ta sumbace ta a ka, ta ci gaba da hira kamar ba ta yi komai ba. Na zo da buta zan zuba mata shayi mai madara, ta riƙe min hannu tana yaba dubulan, ta ce wannan aikin ba na kwana ɗaya ba ne, ita ta san aikin hannu. Sannan ta tambaye ni da Turanci, da zuciya ɗaya:

"Ke ƙanwar babanta ce ko ta mamanta? Ita mahaifiyar tana Najeriya ne? Kai, za ta yi kewarta."

A gida amsar wannan a shirye take. Sai ka yi murmushi ka ce 'yar kakarta ce, ko ka ce ta gidan ce, kowa ya gane ya yi dariya a wuce wurin. Har na buɗe baki zan faɗi haka. Sai na ga yarinyar nan a ɗaya gefen teburin, ta tsaya da faranti a hannu. Ba ni take kallo ba, farantin take kallo, kuma ba ta yi yunƙurin gyara wa matar ba. Jira take ta ji abin da zan ce, kuma daga yadda ta saki kafaɗa na san ta riga ta yanke abin da za ta ji.

Na ce da Turanci, "'Yata ce. Ita ce ta fari."

Matar ta dafe ƙirji tana ba da haƙuri, tana cewa ai kuwa ga kama nan, yaya aka yi ba ta gani ba. 'Yan matan suka ci gaba da surutunsu. Ni ma na ji abin bai yi min nauyin da na zata ba, don Turanci ba shi da kunya, duk abin da ka ga dama sai ka faɗa da shi kamar ba kai ba. Na juya zan zuba wa ta gaba.

Ban ji zuwan yarinyar nan ba, sai dai na ji ta a gefena, kafaɗarta na taɓa tawa. Ta miƙo kofinta kamar shayi take so, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni.

"Anti, faɗa da Hausa."

Kai, yarinyar nan ta san inda ake kama mutum. Na tuna mahaifiyata, na tuna surukata, na ce a raina ku yafe ni, ku a gida kuka yi taku kunyar, inda akwai masu fassara. Ban iya kallonta ba, bakin butar na kalla.

"Ni na haife ki. Duk abin da ke ƙarƙashin gadon can ma naki ne, ba na maƙwabta ba. Haka ake wa 'ya in za ta bar gida."

Na shiga zuba mata shayin, ban san kofin ya cika ba, har shayin ya malala a kan yatsunta. Da zafinsa, amma ba ta janye hannun ba. Ni ce na ajiye butar na kama yatsun da bakin mayafina ina gogewa, a gaban mutane, ina faɗa.

"Ke ba ki jin zafi ne? Sai ki tsaya kamar gunki?"

"Ina ji, Mama," ta ce.